Kishin Mai Masaƙa

A tashar Kudai da ke Makka suka fara haɗuwa, ranar da keken guragu na Kaka Ramlatu ya ƙi shiga bas. Jikarta Dalal na ta kiciniya, jaka a kafaɗa, littafi a hammata, tsohuwar kuwa sai faɗa take zubawa kamar ita ke turawa. Direban ya sauko, dogo mai ɗan saje, ya ɗaga keken cak ya sa a ciki. Nan littafin ya faɗi.

Ya ɗauka ya dubi bangon. Dogayen bututun hayaƙi ne, sama ta yi baƙi ƙirin.

“Esh hada? Mene ne wannan, gobara ce?”

“Ingila ce, lokacin da injuna suka shigo,” in ji Dalal tana danne dariya. “Adabin Turanci nake karanta a jami’a.”

Kaka ta ƙare masa kallo. “Kai ɗan wane ne? Da ganin goshin nan Bahaushe ne.”

“Sunana Taha, ya Hajja. Kakana daga Kano ya zo.” Hausar tasa ɗingishi take yi, don a Makka aka haife shi, da Larabci ya buɗe baki.

“To na yi miji,” in ji Kaka. “Ke kuma matsa can, kar ki yi min ƙwace.”

Dalal ta ja mayafi ta rufe baki. Har bas ta kai Harami, sau nawa idonsu ya haɗu a madubi, Allah kaɗai ya sani.

Ba a daɗe ba Taha ya gano gidansu a unguwar Zahir, wai gaida Kaka yake zuwa. Waye bai san wannan gaisuwar ba? Saƙonni kuwa suka fara kai da komo.

“Ya galbi, zuciyata, yau bas cike take da alhazai, amma ni ban ga kowa ba.”

“Direbana, ajiye waya ka dubi titi. Da ranka nake son ka.”

Sai dai Malam Isa, mahaifin Dalal, bai yi na’am ba. Cewa yake yaron da ko gaisuwa ba ya iya kai wa ƙarshe da Hausa, da wane baki zai tarbi dangi? Shi hankalinsa na kan Hisham, wani mai gidajen haya a Kudai da yake sauke alhazai, wanda duk unguwa ke kira mai masauki. Hisham ya taɓa aiko manyansa, an ce su dakata. Taha ya san da wannan, kuma duk ranar da motar Hisham ta gifta tashar, yinin nan ba mai ganin haƙoransa.

Kaka ce ta tsaya kai da fata. Ta yi ta yi da ɗanta har ya sauko, ya ce to, manyan Taha su zo ranar Juma’a bayan la’asar a yi magana.

A lokacin Dalal na rubuta binciken kammala karatu a kan wani tsohon littafin labari na Ingila. Kaka ta kafa doka: duk abin da aka karanta da Turanci, a zo a zuba mata shi da Hausa, kuma ba ta son jin Larabci ko ɗaya. Haka Dalal ke zama kusa da ita tana ba ta labarin garuruwan da hayaƙi ya rufe, da mata da yara masu shiga aiki tun kafin gari ya waye, ƙurar auduga na cin ƙirjinsu, masu kuɗi kuma na can bayan gari cikin lambu.

“Ashe!” Kaka ta tafa hannu. “Yadin da ya cika kasuwa har ubana ya ajiye saƙa, ashe ’ya’yan mutane ne ke saƙa shi da yunwa. Mu nan muna zaginsu, su can suna tari.”

Jarumin labarin mutum ne da inji ya cinye wa yatsu tun yana yaro, ya girma ya mallaki wurin, ya hana ɗaukar yara aiki, ya buɗe musu makaranta. Sunansa ya ƙi zama a bakin Kaka, sai ta raɗa masa Mai Masaƙa.

Ana jibi manya za su zo, Taha ya biyo da ledar dabino. Ya tarar ƙofa a buɗe, zai yi sallama ke nan ya jiyo muryar Dalal.

“Wallahi Kaka, Mai Masaƙa ya tafi da zuciyata. Namiji ke nan! Ko abinci na zauna ci, shi nake tunani.”

“To Taha fa?”

“Na bar miki shi, ai dama mijinki ne.”

Suka kwashe da dariya.

Wayyo Taha! Tunda uwarsa ta haife shi bai taɓa jin kalmar masaƙa ba. Ina zai ji ta a Makka? Ga shi a kunnensa ƙa da ka duk abu guda ne. Abin da ya ji kawai shi ne mai masauki. Ya ajiye ledar a bakin ƙofa ya juya. Kishi ya hana shi tambaya, kuma ni dai na ce wauta ce, amma ya wuce kai tsaye wurin kawunsa Salihu ya ce a fasa zuwan.

Ranar Juma’a aka turare falo, aka dafa gahawa, Malam Isa ya sa farar jallabiya ya zauna da ƙannensa biyu. Gahawa ta huce, aka sake ɗumamawa. Har aka kira magariba ba wanda ya ƙwanƙwasa.

Malam Isa ya miƙe fuska a murtuke. “Inna, kin ga abin da nake gudu. An tara ni an watsa min ƙasa a ido. Gobe zan aika wa mutanen Hisham su dawo.”

Dalal ta shige ɗaki ta fashe da kuka. Nata kishin ya motsa, ta ɗauki waya.

“Wace ce ita? Cikin masu hawa bas ɗinka ka samo ta? Da ka gaya min, da ban bar mahaifina ya ji kunya ba.”

Washegari da hantsi amsa ta shigo.

“Ba wata. Da kunnena na ji kin ce mai masauki ya tafi da zuciyarki. Halas, shi ke nan. Allah ya ba ku zaman lafiya ke da Hisham. Ni direba ne, ba ni da gida ko ɗaya.”

Ta karanta wa Kaka cikin shessheƙa. “Ni yaushe na ce haka? Hisham ɗin da ko muryarsa ban sani ba?”

Kaka ta karkata kunne. “Sake karanto min. Mai me?”

“Mai masauki.”

Tsohuwa ta ƙyalƙyale da dariya har tana riƙe ciki. “La ilaha illallahu! Mai Masaƙa yake nufi! Kira min shi, kuma ki ce wa ubanki kar ya taka ko’ina.”

Da azahar sai ga Taha, ido ya faɗa, ya durƙusa a gefen tabarma. Malam Isa ko kallonsa bai yi ba. Dalal na bayan labule.

“Angona,” in ji Kaka, “ce masaƙa.”

“Masaka.”

“Ƙa! Daga maƙogwaro!”

“Ma... sauka.”

“Kun ji ko? To wurin da ake saƙa yadi ke nan. Ke, miƙo masa kishiyar tasa ya gani.”

Hannu ya fito daga labule da littafin mai bangon hayaƙi. Taha ya dubi littafin, ya dubi Kaka, gumi ya karyo masa.

“Yana ciki?”

“Yana ciki. Bature ne, na takarda, ko a zamaninsa ma ba a haife shi ba,” in ji Kaka.

Taha ya juya ga Malam Isa, kansa a ƙasa. Larabci ya taso masa, ya haɗiye shi, ya lallaɓo Hausarsa ɗaya bayan ɗaya. “Baba, ni na yi laifi. Kawu bai yi ba. Na ji tsoro a ɗauke min ita, hankalina ya tafi. Ka hukunta ni, amma don Allah kar ka ba wani.”

Dalal ta dafe ƙirji a bayan labule.

“Wato saboda mutumin takarda ka bar ni da gahawa?” in ji Malam Isa. Gemunsa ya fara rawa, ya yi tari don ya ɓoye dariyar, abin ya ƙi. “Tashi, tashi. Tunda ka iya ba da haƙuri da Hausa, sauran ma za ka koya. Ka ce wa Salihu Juma’a mai zuwa, kuma wallahi in na sake ɗumama gahawa, sai dai ka auri Inna.”

“Ni ai a shirye nake,” in ji Kaka.

Bayan aikin Hajji aka ɗaura aure a masallacin unguwa. Aka ci shinkafa da rago, aka ci waina, Kaka ta dafa kawunansu ta ce Allah ya zaunar da su lafiya, ya ba su zuriya mai jin Hausa da Larabci, har da Turancin ma in sun so. Aka shafa.

Ranar da ake jera kayan amarya a ɗan gidansu na Kudai, Taha ya tsaya a ƙofar ɗaki ya tare hanya, yana hararar kwalin littattafan da ke hannunta.

“Dalula, komai ya shiga. Amma wannan mutumin ba zai kwana a ɗakina ba.”

Ta dube shi, dariya da ƙauna suka cika mata ido.

“Na ji, direbana. A falo zai kwana, kamar kowane baƙo. Ɗakin naka ne kai kaɗai.”