Fitilun da Baba Bai Gama Haɗawa Ba

Ana gab da magariba Narto ya shiga ɗakin baya, ya tsuguna gaban ɗan ƙaramin layin dogon da mahaifinsa ya ƙera a kan tebur. Yau kwana arba'in da rasuwar tsohon. Shekara ashirin ya yi yana tsaron mararrabar jirgi ta ƙauyensu da jar tuta, don ba ta da ƙofa, ba ta da fitila. A kan teburin nan ya so ya sa mata fitilun, rai bai kai ba.

Aikin ba wuya. Mayen ƙarfe a cikin kan ɗan jirgin wasan, ɗan makunni a ƙarƙashin layi. Jirgi ya bi ta kai, jajayen fitilu biyu su kama ƙyaftawa. Kwana uku Narto yana liƙa waya da dalma, sun ƙi.

Yayarsa Warsini ta leƙo, hular kwano a hannu.

"Injiniya, har yanzu? Tashi ka yi wanka, ƙauri kake. Bari in karɓo shinkafar sadaka, masu addu'a sun kusa."

"Yaya, ki duba layi kafin ki tsallaka."

"Jirgin ƙarfe biyar ya wuce, sai na bakwai. Ni za ka koya wa?"

Duk ƙauyen da agogo suke tsallaka layi, ba da ido ba.

Ta jima da tafiya. Kwaɗi na ta kuka a fadamar shinkafa, sai suka yi tsit.

Ƙamshin taba mai kanumfari ya cika ɗakin. Irin ta Baba.

Fitilun suka kama. Hagu, dama. Hagu, dama.

Narto ya dubi hannunsa. Kan jirgin yana tafinsa. Batirin yana aljihunsa.

"Baba?" ya ce da raɗa.

Numfashi mai sanyi ya taɓa ƙeyarsa. "Ruga."

Ya kira wayar Warsini, ta yi ƙara a kan tabarmar falo.

Ya fita ba takalmi, tsakuwa na yankarsa. Ladan ya ɗaga murya da kiran salla. Ga fitilar babur ɗinta can tana gangarowa, ba alamar birki. Ya faɗa tsakiyar layi yana kaɗa hannuwa.

"Yaya! Tsaya!"

Ƙarfen yana tsuma a ƙarƙashin ƙafarsa. Kan jirgi ne ke tafe shi kaɗai, ba tarago, ba ya cikin lissafin kowa.

Ta taka birki, babur ya kife. Shinkafa ta watse.

Narto yana tsakiyar layi har yanzu.

Wani hannu ya damƙi wuyan rigarsa, ya fizge shi baya. Iskar jirgin ta mare shi.

Warsini ta rarrafo. "Narto, wa ke tsaye a bayanka?"

Bai waiwaya ba.

Fitilun ba su sake kamawa ba, shi ma bai sake taɓa dalma ba. Washegari ya ciro jar tutar daga bayan ƙofa. Sandarta da ɗumi, kamar yanzu aka ajiye ta.