Kafar da Injiniya Ya Toshe

Da magariba abin ya soma, daidai lokacin da matar Injiniya ta kunna sabuwar fankar kicin don ta zuƙe hayaƙin girki. Ƙofar falo ta jawo kanta a hankali ta rufe ƙam, kamar wani ƙato ya jingina da ita daga waje. Sai wani siririn fito ya taso ta ƙarƙashinta, ya yi tsawo, ya ƙi yankewa.

Shi kuwa Injiniya dariya ya yi. Ai sana'arsa ke nan, haɗa bututun iska da fankoki a manyan gine-gine, kuma bakinsa bai gajiya da koya wa masu gida karatu: fanka ba ta haifar iska, abin da ta fitar sai an bar masa hanyar shigowa, in ba haka ba ɗaki ya matse, ƙofa ta ƙi buɗuwa. Ya tashi ya ƙara wa fankar gudu. Ina! Injin ya yi ta gurnani, hayaƙi na nan tsaye, kunnuwansu suka toshe.

Washegari da faɗuwar rana aka fara jifa. Ƙananan duwatsu ne ke faɗowa a tsakiyar falo, alhali tagogi a rufe, ya bi kowace da roba ya liƙe. Ya tsinci ɗaya ya juya shi a tafin hannu. Gutsuren siminti ne, sabo, kuma ya san kwaɓin wane ne. Ya jefa shi aljihu, bai ɗaga kai ya dubi saman bangon da ya raba falo da ɗakin mahaifiyarsa ba.

Da ya yi magana a lokacin, da an huta. Amma kunya ta ɗaure masa harshe, har ranar da Auta, 'yarsu, ta yanke jiki ta faɗi tana kokawa da numfashi. Likita ya duba ƙirji ya ce lafiya lau. Amma kullum rana ta yi ja, sai yarinya ta kama maƙogwaro, idanu su kakkafe.

Malamin da surukinsa ya kawo dattijo ne marar yawan magana. Ya zauna kusa da kan Auta, ya ce, "Ku kunna abin da kuke kunnawa." Aka kunna. Ƙofa ta rufe, fito ya taso. Ya daɗe yana karatu, murya ƙasa-ƙasa, har duhu ya cika ɗakin. Can sai Auta ta tashi zaune, ta yi magana da wata tsohuwar murya mai kaushi.

"Ya hana 'ya'yana shaƙar iska. Ni ma na riƙe numfashin tasa 'yar."

"Ina mazauninka?" in ji malam.

"Kafar da ke saman bangon nan. Tun kafin a haife shi muke ciki. Ya cusa siminti, sannan ya kawo injin da ke zuƙe ɗan abin da ya rage mana."

Matar ta juyo ta dubi mijinta. "Baban Auta, ba ka ce saboda sauro ka toshe ba?"

Muryar ta yi wata busasshiyar dariya. Malam ya tsawata mata, ya ce yarinya ba ta ci wa kowa komai ba, a faɗi sharaɗi a sake ta.

"Ya buɗe da hannunsa. Amma sai ya fara faɗin dalilin da bakinsa."

Wayyo, ina ma ƙasa ta tsage ya shige! Ga suruki, ga mata, ga malam. Injiniya ya dubi leɓɓan Auta da suka fara yin duhu, ya sunkuyar da kai.

"Tarin Inna ne," ya ce. "Ta nan yake shigowa. Ina jin nauyi in na yi baƙi."

Surukin ya kawar da fuska, shi ne abin da ya fi yi masa ciwo.

Injiniya ya hau kujera da guduma. Bugu kaɗan simintin ya zube ciki. Iska ta kwararo ta kafar, mai sanyi, ta daki fuskarsa. Fiton ya mutu, ƙofa ta saki, hayaƙi ya kama hanyar fanka. Auta ta ja dogon numfashi, ta yi atishawa, ta kira babarta da muryarta.

Yana nan tsaye a kan kujera sai ga tarin ya biyo kafar, a raunane. Bayan tarin sai muryar tsohuwa, mahaifiyarsa.

"Kai ne, ɗan nan? To alhamdu lillahi. Kwana biyu ba na jin motsinku, na ce ko laifi na yi kuka daina hira."

Injiniya ya kifa goshinsa a bango, guduma na hannunsa, ya fashe da kuka.