Jegon Cikin Dutse

"Kai Sagir, ko ka rufe mini baki ko ka tashi!" in ji Yaya Hambali, ɗan kawunmu. Muka matso kusa.

"Kududdufin nan na bayan gidan bulo, da dutse ne. Ƙato. Kamfani ya zo yana fasa shi, ana kwasar tsakuwa zuwa aikin titi. Mai kunna musu nakiya sunansa Tanko. Kullum kafin ya kunna, sai an kori kowa, shi kaɗai ya zaga ya duba ramukan da aka cusa nakiyar.

"Ran nan, rana tsaka, ya tarar da wata tsohuwa zaune kan ramin ƙarshe, tana fasa dutse da guduma. Gudumar na sauka. Ba ƙara.

"Ya ce, 'Iya, tashi, wuta za mu sa.'

"Ta ce, 'Ɗan nan, 'yata ta haihu jiya a ciki. Ba ta iya tashi. Ka ba mu zuwa suna, mu kwashe.'

"Bakinta na motsi, amma muryar daga ƙarƙashin ƙafarsa take fitowa."

"Ya gudu?" in ji Sagir.

"Da ƙafar wa? Da kyar ya ja jiki wajen shugaban leburori, ya roƙi kwana bakwai. Wannan azzalumi ya nuna masa motoci a jere, ya ce, 'Aljanunka ne za su cika mini su? Kunna, ko ka ajiye hular kamfani.'

"Tanko 'ya'yansa takwas. Ya kunna.

"Har kasuwa an ji ƙarar. Shi bai ji ba. Ya ga dutse ya tashi sama, ya ga mutane sun toshe kunne. Abin da ya shiga nasa kunnen, kukan jariri.

"Daga ranar bai ƙara jin muryar ɗan Adam ba. Matarsa ta yi ta ihu a gabansa, a banza. Ruwa kuwa ya ɓullo daga ramin, cikin mako ya haɗiye injuna, kamfani ya tattara. Shugaban ya samu aiki wani gari, ko ciwon kai bai yi ba.

"Ni na riski Tanko da tsufansa. Ba ya bara, ba ya zagi. Yawo kawai yake, yana jijjiga kafaɗa, yana cewa, 'Yi shiru, yi shiru, uwarka na zuwa.'

"Don haka duk wanda ya bi hanyar kududdufin nan shi kaɗai, in ya ji kukan yaro, kada ya tsaya nema. Har yau ba wanda ya zo ya ɗauke shi."