Wanda Ya Tone Mabiyiya a Ketare

Da hantsi aka kawo ƙara ofishin 'yan sanda na Ƙanƙara: an tone mabiyiyar jaririn Amatullah, mai jegon kwana huɗu, daga inda aka binne ta bayan ɗaki. Karo na uku ke nan a Ketare cikin wata guda.

Insifekta Muttaka ya tsuguna bakin ramin. Ba kare ba ne, kare ba ya mayar da ƙasa. Kuma mai tonon bai yi lalube ba, rami ɗaya ya haƙa. Amatullah ta ce daga ita sai ungozoma, Iya Larai, suka san wurin, don maza ba sa zuwa binnewa.

Da Muttaka ya same ta a gidanta, Iya Larai ta rantse rabonta da gidan Amatullah tun ranar haihuwa. Tana cikin rantsuwar, sai wani wari ya bugo Muttaka daga ɗakin mijinta, har sai da ya toshe hanci. Malam Rabo ne kwance, ciwon suga ya ci masa ƙafa, ta kumbura ta yi baƙi, ƙudaje sun rufe tsumman. Sawun allura ya zagaye gyambon.

"Wa ke yi mashi allura, Iya?"

"Ba kowa, ranka ya daɗe."

Tsohon da kansa ya ce ɗansu ne, Sha'ibu mai kemis.

Muttaka ya sa aka kai Malam Rabo asibiti. Likita Khadijatu ta buɗe ƙafar, ta kau da kai. Ta ce sai abin da hali ya yi.

A firjin kemis ɗin, kusa da ledojin ruwan sanyi, suka sami kwalabe biyu na jan ruwa mai ɗoyi. Sha'ibu ya ce zoɓo ne. Da aka ce ya kurɓa, sai ya fashe da kuka.

Ya ce a waya ya karanta cewa mabiyiya na ɗauke da ƙwayoyin halitta na asali da sinadaran da ke sa su tsiro sababbin jijiyoyin jini. Iya ke tonowa, shi ya markaɗa ya tace, ya yi wa mahaifinsa allurar ruwan. Likita, da aka kira ta duba kwalaben, ta ce masu bincike na gwada hakan, amma da ƙwayoyi masu rai da sinadari a kan awo, ba ruɓaɓɓen nama ba.

"Ai ƙafar ta fara ɗumi," in ji Sha'ibu.

"Ruɓa ce ta kawo ɗumin," in ji likita.

Ana sa masa ankwa ya waiwayo. "Yallaɓai, ƙafar Baba hwa?"

Muttaka bai dube shi ba. "Yanzu suke yanke ta."