Farin Tayil ɗin Huseina

Dutse na farko ya faɗo kan kwanon gidan Alhaji Gali ne ana cikin kiran sallar magariba. Huseina, matar gidan, tana tsugune a tsakar gida tana wanke waken suya, ta ɗaga kai ta ce yaran unguwar Sabo ba su da tarbiyya. Na biyu ya faɗo, na uku ya biyo baya. Na huɗun ne ya sa ta saki roba, domin shi ba daga sama ya zo ba. Daga cikin kicin ya fito, ya wuce ta gefen kunnenta, ya daki bango. Kuma babu kowa a ciki, sai tukwane da sabon farin tayil yana ta sheƙi cikin duhun da ke sauka.

Ta san dalili. Abin da ya fi ci mata rai ke nan: ta sani, ta kuma ja bakinta ta yi gum.

Shekara goma sha takwas tana yin awara a kicin ɗin nan, a kan tsohon siminti da ya gama farfashewa, Yarabawan unguwar Mokola suna aikowa saye, suna kiranta beske. Ranar da Alhaji ya ce ta je ta zaɓi tayil da kanta, ko abinci ta kasa ci don murna. Ta tafi da Ni'imatullahi, 'yarta ɗaya tilo, mai shekara goma sha bakwai. Mai shago ya baje musu kala-kala a ƙasa. Akwai ruwan ƙasa mai kaushi, akwai mai zane irin na katako, akwai kuma wani fari tas wanda mutum ke ganin fuskarsa a ciki. Idon Huseina bai ƙara barin farin nan ba.

Mutumin ya girgiza kai ya yi magana da Yarbanci. Ni'ima ta ce, "Umma, wai wannan na falo ne. Kicin sai mai kaushi, saboda ruwa da mai. Ni ma wallahi mai ruwan ƙasar ya fi kwanta mini."

"Na ji shi, ai ba kurma ba ce ni. Shekara nawa ina kallon launin ƙasa? Farin nake so."

A gida kuma Inna Lami, mahaifiyar Alhaji, ta kira ta ɗaki. Ta ce, "Kusurwar tsohon murhu, ki bar ta yadda take. Taku ɗaya ne na ƙasa. Ko da aka yi siminti ba a rufe ta ba. Muna da maƙwabta a wurin, ba su taɓa cutar kowa ba."

Huseina ta ce, "To, Inna." Irin to ɗin nan da ake yi wa tsofaffi don su yi shiru. Da mai sa tayil ya tambaye ta, ta ce ya rufe har kusurwar, ita ba za ta bar ƙazanta a gefen abu mai kyau ba.

Kwana uku da gamawa, ta sauke tukunyar ruwan awara yana tafasa. A gidan nan ba a zubar da ruwan zafi sai an yi bisimilla, an kuma ce a kauce, kowa ya san wannan. To ba ta kai ga bakin rariya ba, santsi ya kwashe ta. Tukunya ta kife. A kan tsohon siminti da ruwan ya tsaya a ramuka. A kan farin tayil kuwa sai ya zarce a guje, bai tsaya ko'ina ba sai kusurwar murhu. A nan ta ji wani siririn kuka kamar na ɗan kyanwa, sau ɗaya, ya ɗauke. Ta tashi ta goge ƙasa, ba ta faɗa wa kowa ba.

Bayan jifa sai ƙwanƙwasa. Kowace magariba ana bugun tayil daga ƙarƙashi, a hankali, ƙwas, ƙwas. Alhaji ya dawo daga kasuwar Shasha ya saurara, ya ce ai siminti ne bai kama ba, amma bai ƙara tsayawa alwala a ƙofar kicin ba. A magariba ta biyar Huseina ta aiki Ni'ima ɗauko ludayi. Shiru, shiru. Da ta leƙa sai ta tarar da yarinyar zaune a kusurwar, ta lanƙwashe hannuwa kamar mai rungume da jariri, tana jijjigawa. Ta kira sunanta sau uku. Idanun da suka ɗago suka dube ta ba na 'yarta ba ne.

Kwana biyu Ni'ima ba ci, ba sha, ba magana, maza uku sun kasa ɗaga ta daga wurin. Alhaji ya je unguwar Ojoo ya ɗauko Malam Mu'inuddeen, wani dattijo siriri mai ƙarancin magana. Ya iso bayan la'asar, ya tuɓe takalmi, ya zauna a kan farin tayil ya fara karatu. Bai ɗaga murya ba. Rana ta yi ja, ta faɗi, yana nan yana yi. Can sai yarinyar ta yi wani gurnani, muryar tsohuwa ta fito daga bakinta, da irin Hausar da yanzu ba a jin ta a Sabo.

"Ya isa, Malam, kana ƙona ni. Ƙunar da aka yi mana ba ta isa ba?"

"Wace ce ke?"

"Na riga kakan mai gidan nan zama a wurin nan. Da ayarin fataken goro na zo. Taku ɗaya na ƙasa aka bar mini, ban nemi ƙari ba. Aka rufe mana ƙofa, na yi haƙuri. Ɗana yana kwance aka sako masa ruwan zafi, babu bisimilla, babu ku kauce. Ba mu da ta inda za mu gudu. Ƙafarsa ta tafi. Wannan yarinya ita za ta riƙa goya mini shi."

Inna Lami ta saki salati. Alhaji ya juyo ya dubi matarsa, wannan kallo kuwa ya fi mata mari zafi.

Malam ya ce, "Kuskure ne, ba ganganci ba. Kuma yarinya ba ta yi miki komai ba. Ki ji tsoron Allah ki fita."

"A yanka mini baƙin akuya."

"Ba za a zubar miki da jini ba ko ɗigo. Za a fasa tayil a buɗe miki ƙasarki yanzu. Iyakarta ke nan."

Huseina ba ta san lokacin da ta rarrafo ciki ba. "Ni ce! Ni na zaɓa, ni na sa aka rufe, ni na zubar. Don girman Allah ki kama ni, ki sakar mini ita. Ita kaɗai gare ni."

Bakin Ni'ima ya yi wani murmushi mara daɗin gani. "Ke? Da ni ruwan ya taɓa, da tuni na yafe. Ɗana ya taɓa, ni kuwa lafiyata ƙalau, ina zaune ina kallo. Ke ma ki zauna lafiya ƙalau."

Malam ya koma karatu, wannan karon da ƙarfi. Alhaji ya ɗauko taɓarya ya daki kusurwar, ya ƙara, har farin tayil ya dare, jar ƙasa ta bayyana tana tururi. Muryar ta yi ƙara ta ce za ta fita, ta ido. Malam ya ce ba ta isa ba, ta ɗan yatsan ƙafa za ta bi. Muryar ta ce, "To. Na hagu." Da sauri ta yarda, saurin da ya sa Malam ya ɗago kai, amma kafin ya buɗe baki ƙafar yarinyar ta yi rawa, ta miƙe, ta saki.

Ni'ima ta buɗe ido, nata na gaskiya. Ta ce, "Umma, ƙishi nake ji." Huseina ta rungume ta tana kuka tana dariya, ta ba ta ruwa ta shanye kofi biyu. Yarinyar ta dafa bango za ta tashi, ta koma ta zauna. Ta sake gwadawa. Ƙafar dama ta taka, ta hagu ta biyo ta tana jan ƙasa kamar tsumma. Huseina ta dubi Malam. Malam ya sunkuyar da kai.

Ni'ima ta yi 'yar dariya, ta miƙo hannu. "Umma, kama ni mana. Na daɗe a zaune ne, yanzu za ta sake."

Huseina ta ce, "E, yanzu za ta sake." Ta juya baya, ta durƙusa, ta goya ta.