Ƙirjin da Ya Riga Nata

Ranar Asabar ce. An kwana ana ruwa a birnin Solo, da hantsi rana ta buɗe har filin gudu yana tururi. Ratri ta tsaya bayan layin ƙarshe tana haki, ƙyallen da ya rufe idonta ya jiƙe sharkaf, hannunta na hagu yana ɗaure da na Danang. 'Yan kallo sai kiran sunanta suke. Ita ce ta ɗaya a mita ɗari na makafi.

Amma ba ta ɗaga hannu ba.

"Mas..." ta kira shi a hankali, da sunan da mace ke kiran yaya ko miji. "Ban ji ka ce yanzu ba."



Ta ji igiyar da ke tsakaninsu ta yi sako-sako.

Tun tana ƙarama zazzaɓi ya tafi da idonta. Danang ne ɗan jagoranta a gudu. Abin da ke haɗa su 'yar igiya ce mai madauki biyu, ɗaya a yatsunta, ɗaya a nasa, ƙafarsu na sauka tare kamar ta mutum ɗaya. Dokar gasa ba ta da yawa: ɗan jagora ba ya jan mai gudu, kuma ba ya riga ta tsallake layi. Shi ya sa kullum in sun kusa, sai ya ɗan ja baya ya ce, "Yanzu!" ita kuma ta jefa ƙirji gaba.

Wannan ja da bayan ne ya fi ba shi wahalar koyo. Shi ma ɗan gudu ne a da. Tun yana yaro abu ɗaya ake cusa masa: in ka ga layi, jefa ƙirji. Ranar da ya yi jinkirin jefawa wani ya riga shi da faɗin ƙirji kawai, aka ɗauki wancan ƙungiyar ƙasa, aka bar shi. Daga nan ya koma jagorantar makafi, ya haɗu da Ratri.

Ba ta san ranar da ta fara son shi ba. Ta dai san in an tashi atisaye yana goya ta a babur zuwa wurin mai shinkafar da ake naɗewa a ganyen ayaba, su sha shayi mai zaƙi, su yi ta tsokanar juna.

"Mas, yau numfashinka kamar tsohon baburin nan naka."

"Ba dole ba? Buhun shinkafa nake ja."

"Ja kuma? Bari alƙalin gasa ya ji ka!"

Ya yi dariya ya ce da ita hasken idonsa. Ta ce ya yi asara, ya zaɓi fitilar da ba ta kamawa.

Ibu, mahaifiyarta, ba ta ga abin dariya ba. Ta zo daga ƙauyensu na Klaten ta tarar da 'yarta hannu ɗaure da na namiji, ba aure, ba sana'a. Ga kuma Yuda, wani matashin ɗan jagora mai dogayen ƙafafu, wanda ya daɗe yana son a ba shi Ratri. Shi ke ɗaukar wa Ibu jaka, yana kai mata mangwaro, yana raɗa mata cewa Danang ya tsufa, shi ne ke riƙe yarinyar, da wani ne da tuni ta wuce nan.

Ibu ta yanke magana. In Ratri ta ci wannan gasar aka ɗauke ta ƙungiyar ƙasa, Danang ya turo manyansa. In ba ta ci ba, ta tattara ta koma gida ta koyi tausa kamar sauran makafi.

Da safiyar ranar gasar suna ɗaura takalmi Yuda ya wuce ta gabansu.

"Tsoho, ka shafa man zafi kuwa? Kar ta ja ka a hanya kamar akuya."

Ratri ta ji yatsun Danang sun matse igiyar.

Bindigar fara gudu ta tashi. Gudun da ba ta taɓa yi ba ta yi shi. Tana jin takun wata yarinya a damanta, kusa, kusa sosai, ta ƙi barinsu. Ta kasa kunne tana jiran kalmar.

Kalmar ba ta zo ba.

Sai ta ji igiyar ta fizge ta gaba. Danang ya hango abokiyar hamayya a gefen ido, ya ga layi, jikinsa ya tuna abin da aka koya masa tun yana yaro. Ya jefa ƙirji.

Lasifika ta yi kaki, ta sanar an soke gudun Ratri, ɗan jagora ya riga ta isa layi. Ihun filin ya mutu.

Ibu ba ta ɗaga murya ba. Ta sauko, ta kama hannun 'yarta, ta zare madaukin daga yatsunta, ta miƙa wa Danang igiyarsa.

Kocin da ke horar da su ya yi ta bin Ibu da roƙo, yana cewa irin wannan ƙafar ba a kai ta ɗakin tausa. Da ƙyar ta yarda Ratri ta zauna ta sake gwadawa baɗi, bisa sharaɗi: a sauya ɗan jagora, kuma kada ta sake jin maganar aure.

Ranar Litinin da la'asar Danang ya same ta zaune a bencin 'yan kallo. Tun daga nesa ta gane takunsa.

"Mas, mu je mu roƙi Ibu tare. Kuskure ne. Ni na yafe."

"Ba kuskure ba ne, Ratri. A lokacin nan na manta da ke. Kaina na gani a layin."

"Sau ɗaya ne..."

"Sau ɗayan da ya fi kowanne."

Ta lalubo hannunsa. Ta ce in gudun ne ya raba su ta bar gudun, ta koma Klaten ta yi tausar, ya zo ya same ta can. Ya ce in ta yi haka ya cinye mata abu biyu ke nan, kuma duk safiyar da ta ji yara na gudu a bakin hanya za ta tuna wa ya zaunar da ita.

"To ni fa? Wa zai ce min yanzu?"

"Yuda ya iya. Ya fi ni sauri, wannan bai yi ƙarya ba."

"Ba saurinsa na tambaye ka ba."

Ya sa mata igiyar a tafin hannu, ya naɗe yatsunta a kai. Ya buɗe baki kamar zai kira ta hasken idonsa, ya fasa.

Ta saurari takunsa yana sauka mataki-mataki, sannan baburin ya tashi da tarinsa, ya yi nisa, ya ɓace cikin ƙarar titi. Daga baya ta ji ya tafi tsibirin Kalimantan aikin gonar kwakwar manja.

Da shekara ta zagayo ta yi gudu da Yuda. Ya ja baya daidai lokaci, ya faɗi kalmar, ta jefa ƙirji. Ta ci, aka ɗauke ta ƙungiyar ƙasa, Ibu ta rungume ta tana kuka. Abin da ya fi yi wa Ratri ciwo shi ne ta fi sauri tare da Yuda.

A waccan Asabar ɗin ta rasa lambar zinariya ɗaya, an ba ta wata. Ta rasa shekara ɗaya, ta wuce. Ta rasa auren da ko manya ba a kai ga turowa ba, da mutum ɗaya da ƙafarsa ke sauka tare da tata. Tsohuwar igiyar tana cikin aljihun jakarta, madauki ɗaya ya san yatsunta, ɗayan babu kowa a ciki.