Ruwan Taliya a Bakin Tafki

Wunin ya yi daɗi, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ɗan'azumi ya kwashi matarsa Zainabu da 'yarsu Widad daga unguwar Moss Side ta Manchester a irin motar nan mai gado da kicin a ciki, suka nausa arewa har wani tafki a tsakanin duwatsu, inda babu kowa sai tumaki. Suka zaga bakin ruwa a ƙafa, suka dawo suka baje a ciyawa. Da rana ta yi ja, Zainabu ta dafa taliya.

"Mum, where do I pour this?" in ji Widad, tana riƙe da tukunyar ruwan taliya.

"Watsar a waje mana."

Ɗan'azumi ya ce magariba ce, a bari ruwan ya huce, ko a yi bisimilla. Zainabu ta ja tsaki. "Nan fa Ingila ce, Baban Widad. Wane aljani zai zauna a wannan sanyi?" Zainabu ke nan, ba a gaya mata. Ita kuwa yarinya, shekararta goma sha biyar ba wanda ya taɓa koya mata, ta sheƙa tafasasshen ruwa a gindin wani dutse.

Tumakin suka yi tsit. Sai tsakuwa ta faɗo a rufin motar. Sai wata.

Jifan ya biyo su har Manchester. Kullum da magariba jiƙaƙƙun tsakuwa na zubowa a tsakar falo, alhali tagogi a rufe suke. Widad ta daina magana. Bororon ƙuna ya fito mata a yatsun hannun dama, likita ya ba da man shafawa, amma kowace safiya sai a tarar ya ƙara hawa. Ran da ya wuce kafaɗa ya doshi wuya, tsoro ya kama Ɗan'azumi, ya ɗauko Malam Abdulsalam daga unguwar Sparkbrook, a wani gari.

Malam ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta ɗago. Muryar tsohuwa ce ta fito, da Hausar da Widad ba ta taɓa iyawa ba.

"Na haye teku don in huta da ku. Kuka biyo ni da tukunya. Jikana yana barci a gindin dutsen nan."

"Ba ta sani ba," in ji Malam. "Za su koma su ba ki haƙuri. Fita, ba ki da hakki a jikinta."

"Haƙuri ba ya mayar da fata. Hannu nake so." Idanun suka zagaya ɗakin a hankali. "In ba nata ba, na wanda ya ce ta zuba."

Malam ya ɗaga yatsa. "Kada wanda ya amsa mata."

Zainabu ta dubi wuyan 'yarta. Bororon yana motsi.

"Ni ce," ta ce. "Sakar min 'ya."

Widad ta yi atishawa sau uku, ta zube. Da ta farfaɗo, hannunta sumul yake kamar ba abin da ya taɓa shi.

"Mum, I'm starving."

"To, uwata." Zainabu ta miƙe, ta ja mayafi ta rufe hannunta na dama. Ɗan'azumi ya bi ta kicin. Ya tarar tana cije leɓe, tana ta fama ta ɗora tukunya da hannun hagu.